'Yata Tana Son Zama Likita, Ana Cewa Burinta Ya Yi Yawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye a jihar Kano, da rani kuma ina ɗan taɓa ɗinki. 'Yata ta fari tana aji uku na ƙaramar sakandare, tun tana firamare ba ta da zance sai na zama likita. Makarantarsu ko ɗakin gwaje-gwaje babu. Wani malaminsu ya ce in lallashe ta ta sassauto, yayana kuma ya ce wannan dogon buri ne, addini ma ya hana. Ina tsoron ranar da abin zai gagara ta karaya. In rage mata buri tun yanzu, ko in ƙyale ta? Daga wani uba.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana ita. Kada ka rage mata komai.

Bari in fara da maganar yayanka, don ita ta fi nauyi. Dogon burin da malamai suka zarga shi ne mutum ya shantake kamar ba zai mutu ba, kullum "gobe na yi", ga son samu ga ƙyuya. Yarinyar da take son ta koyi duba marasa lafiya, tana kuma buɗe littafi da daddare, abin da take da shi himma ce. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce in za mu roƙi Allah Aljanna mu roƙi Firdausi, wato ƙololuwarta. Ka karanta wa Yaya wannan cikin ladabi, ba sai an yi musu ba.

Ina saurayi na yi koyarwa a ƙasar Yawuri, kuma duk sati sai na tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale. Ranar farko na zauna a tsakiya na ƙanƙame jakata, ruwa yana ɗan tsattsafowa ta ƙasan katako, wani yaro yana kwalfewa da ƙwarya. Ga mashayar da za mu sauka can tsallake, ido na ganin ido, amma mai fito ya juya hancin jirgi ya nufi sama, wajen wata ƙatuwar bishiya da ke nesa da ita. Na ce, "Baba, ai ga inda za mu." Ko kallona bai yi ba, ya ci gaba da tuƙi. Sai da muka kai tsakiyar ruwa na ji yadda igiya take jan mu ƙasa. Muka sauka daidai mashayar, ko taku goma ba mu kauce ba. Yana ɗaure jirgi ya ce mini, "Malam, da na saita inda ka nuna, da yanzu muna can gangare muna neman hanya a cikin ciyawa."

Igiyar da za ta ja 'yarka ƙasa ka riga ka lissafa ta da bakinka: ƙauye, rashin kayan aiki, aljihu, surutun dangi. Za ta ja ta ko an so ko an ƙi. Yarinyar da ta saita likitanci ta yi aikinsa, in ma ba ta sauka a can ba, za ta sauka a haɗa magunguna, ko jinya, ko ungozoma, ko aikin gwajin jini, kuma duk cikinsu babu na yarwa. Wadda aka ce wa tun tana shekara goma sha huɗu "ke dai ki samu ki gama", Allah kaɗai ya san inda ruwa zai yar da ita.

Shi kuwa malamin nan ba zan zage shi ba, don na taɓa zama shi. Akwai wani yaro da na yanke wa hukuncin daƙiƙanci a aji biyar, na mayar da shi bencin baya, na daina ko nuna shi da alli. Shekara guda cur. Malamar da ta karɓe su bayana ta lura yana runtse ido in ya kalli allo, ta dawo da shi gaba, ta sa aka kai shi aka yanka masa tabarau. Kafin ƙarshen shekara ya shiga sahun biyar na farko. Har yau in na tuna sai na ji kunya.

Daga baya na karanta wani bincike da Robert Rosenthal na Jami'ar Harvard da Lenore Jacobson, shugabar wata firamare a Kalifoniya, suka fitar a 1968. Sun zaɓi kusan ɗaya cikin biyar na yaran makarantar, zaɓen da ka kawai ba tare da duba ƙwazonsu ba, suka gaya wa malamai cewa gwaji ya nuna waɗannan za su yi zarra a bana. Da aka sake gwaji, yaran nan sun fi sauran ƙaruwa, musamman 'yan aji ɗaya da biyu. Malamin da ya sa rai da yaro yakan sakar masa fuska, ya ba shi aiki mai tauri, ya jira shi ya gama tunani kafin ya wuce ga wani. Masu bincike na baya sun ce tasirin bai kai yadda aka zuzuta ba, kuma na yarda, amma abin da na gani a ajina ya ishe ni shaida.

Sai dai fa himma ba ta ga raggo, kuma fatar baki ba ta kai kowa asibiti. Likitanci yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. A JAMB maki 400 ne gaba ɗaya, masu neman wannan kwas kuma su ne suka fi kowa cunkoso, sannan ga shekara shida a jami'a in babu yajin aiki. Ka zaunar da ita ka gaya mata wannan ƙiri-ƙiri. Yaro yana iya ɗaukar gaskiya mai nauyi in ya ga wanda ya faɗa masa yana tare da shi.

Sa'arka ɗaya, a aji uku take, gora bai makara da fafewa ba. Jihar Kano tana da makarantun kimiyya na kwana tun 1977, lokacin da aka buɗe na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, daga baya aka samar da na 'yan mata, kuma da jarrabawa ake shiga bayan aji uku. Likitoci da injiniyoyi da yawa da kake gani a birni 'ya'yan manoma ne da suka bi ta nan. Ka je wurin shugaban makarantarsu wannan satin ka tambayi lokacin da fom yake fitowa, ka nemo mata tsofaffin tambayoyi, ka samo fitila mai caji, ka roƙi mahaifiyarta ta ɗauke mata wanke-wanken dare.

Game da tsoron karayarta, abin da yake karya yara shi ne su ga fuskar uba ta sauya ranar da sakamako ya fito ba daɗi. Na ga waɗanda suka zauna JAMB sau uku kafin su samu. Ka gaya mata tun yanzu, a gaban mahaifiyarta, cewa in ta faɗi za ku sake sayen fom, ko da kuwa buhun gero ne zai tafi kasuwa.