Tambaya da Amsa: Ina "if" ta shiga?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina bitar Turanci don jarrabawar WAEC, sai na ci karo da wannan: "Had he come early, he would have met the principal." Ga "had" ta riga "he" kamar tambaya, amma babu alamar tambaya. Kuskuren ɗab'i ne? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ba kuskure ba ne, jimlar sharaɗi ce. Asalinta "If he had come early", sai aka cire "if", "had" ta dawo gaba ta riƙe gurbin. Ma'ana tana nan daram, irin tamu ta "da... da": da ya zo da wuri, da ya tarar da shugaban makaranta. Bai zo ba, magana ta wuce.

Kalmomi uku ne ake yi wa wannan juyi a Turancin yau. "Had" ta abin da ya riga ya wuce ce. "Were" ta ƙaddarawa ce: "Were I you", wato da ni ne ke. "Should" kuwa ta abin da zai iya faruwa ce, ita ta cika wasiƙun ofis: "Should you need help, call us."

Inda ake zubar da maki shi ne wajen korewa. Ba a cewa "Hadn't he come". Ki raba su, "not" ta bi bayan mai aikin: "Had he not come". Haka "Were it not for" da "Had it not been for", waɗanda ke daidai da "ba don... ba".

Bayan "should" kuma aikatau ba ya ɗaukar "s". "Should he come" ne, ba "comes" ba, ko da mutum ɗaya ake nufi. Idan jimlar ba ta da ɗaya daga cikin ukun, kamar "If he came", kada ki jawo "did", don nan take za ta koma tambaya. Ki ce "Were he to come".

Kada kuma ki haɗa "if" da juyin a jimla ɗaya, dole ɗaya ta ba ɗaya wuri. Wajen hira dai ki riƙe "if" ɗinki, salon juyin ya fi dacewa da takarda.