Cire Sitika Daga Jikin Mota

Tambaya: Na sayi mota ta hannu, jikinta duk sitikun siyasa. Yaya zan cire su ba tare da na ɓata fenti ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, ka ajiye motar a rana har ƙarfen ya ɗauki zafi, domin zafi ne ke sassauta gam ɗin. Sai ka ɗaga gefen sitikar da tsohon katin banki, ka riƙa ja a hankali. Danƙon da ya saura, ka goge shi da tsumma mai ɗan kananzir, ka wanke wurin da sabulu nan take. Kada ka kusanto da tina, wato ruwan da masu fenti ke sirka fenti da shi, don tana cin fenti. Reza kuwa ta gilashi ce kawai, ban da gilashin baya mai siraran wayoyi a jikinsa.