Tambaya da Amsa: Ɗana ya gama sakandare bai iya rubuta lissafin shago ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon atamfa a Kantin Kwari. Ɗana ya gama sakandare bara, takardarsa ta yi kyau, har da kiredit a Turanci da Lissafi. Ran nan na ce ya rubuta wa wani abokin cinikinmu na Maraɗi kuɗin dila uku da ragowar bashinsa, wallahi sai da na karɓi biron da hannuna, ni da ban wuce firamare ba. Na biyu, na daina kunna rediyo don jin labarai. Yau a faɗi magana, gobe a ƙaryata, kowa da ubangidansa. Abin da 'yan'uwa suka turo min ta WhatsApp na fi yarda da shi yanzu. Laifina ne, ko na zamani?

Wani ɗan kasuwa, daga Kurna

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Wasiƙarka ta taɓa ni ta wuri biyu, domin na riƙe alli shekara goma sha ɗaya kafin in koma aikin jarida. Duk gidajen biyu da kake kuka da su na zauna a cikinsu.

Bari in fara da yaron. Na shiga aji a matsayin malami a daidai lokacin da aka buɗe shirin UPE, na ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976. Yara suka yi ta kwararowa tun ba a tanadi masu koya musu ba, aka riƙa ɗaukar mutane ana yi musu horon gaggawa. Tun daga nan ginin ya fara tsagewa. Amma a lokacin akwai abin da ya riƙe mu. Kwalejojin horon malamai irin na Wudil da Bichi shekara biyar suke yi suna koya wa mutum yadda ake tsayawa gaban ɗan shekara shida a sa shi ya haɗa baƙi da wasali. Hedimastanmu kuwa duk safiyar Litinin sai ya karɓi littafin shirin darasinka ya bi shi da jan biro. Sufeto kan diro a kan babur ba sanarwa, ya wuce ofis, ya shiga aji uku, ya nuna yaron da ke can baya ya ce tashi ka karanta. In yaron ya kasa, malami ne zai kwana da zullumi. Daga baya aka rufe hanyar waɗancan kwalejojin horon malamai, aka ce NCE, wato shaidar kwalejin ilimi, ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa. Ba na ƙin NCE. Abin da ke ci min rai shi ne yadda koyarwa ta koma wurin fakewa ga wanda ya rasa gurbi a wani fannin.

A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya. A nan Kano, a watan Yunin 2024 gwamnati da bakinta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Wannan jihar ce fa ta kafa makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a 1977, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyin da muke alfahari da su. Kwanakin baya na raka jikata wata firamare a cikin gari. Yaran ajinta sun haura ɗari, mafi yawansu a ƙasa, wasu sun ɗora littafi a kan gwiwa, malama ɗaya tana ta ɗaga murya har ta dishe. Na buɗe littafin rubutun jikar tawa, shafi ashirin a jere babu ɗigon jan biro ko ɗaya. Ban ga laifin malamar ba. Wa zai duba littafi ɗari kafin a tashi?

Yanzu in yi maka tambayar da za ka amsa wa kanka, ba sai ka rubuto min ba. Lokacin WAEC ko NECO, an ce ka kawo wani kuɗi bayan na rajista, wanda ake kira na taimako? Iyaye da yawa sun biya, wasu da sani, wasu ba su tambayi na mene ne ba. In an rubuta wa yaro amsa a kan allo ya kwafe, takardar da ya kawo gida ita ce labarin ƙarya na farko da ya shigo maka, kuma da hatimi a jikinta.

Kada ka tozarta shi a gaban yaran shago, don Allah. Shi aka zalunta. Samo malamin da zai zauna da shi awa ɗaya bayan la'asar, su koma tarawa da ɗebewa da sau, ba kunya. Ka ba shi littafin bashin mutum ɗaya tak ya riƙe, kana dubawa duk yamma. Bayan sallar isha'i kuma ya karanta maka labari ɗaya na Hausa da ƙarfi, ya rufe, ya faɗa maka abin da ya fahimta, ya rubuta shi a layi biyar. Ka riƙa tambayarsa: a cikin labarin nan, wa ya faɗi wannan magana? Ƙannensa kuwa, tun yau ka buɗe jakunkunansu. Duk ɗan aji ukun da bai iya karanta jimla ba, ka taka da ƙafarka zuwa makarantar.

Maganar rediyo kuma, ruwa ba ya tsami banza. Da muna yara tashoshin ba su da yawa: Rediyon Kaduna, sai Rediyon Kano, sai BBC da ta fara Hausa a 1957. Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi, kuma alheri ne, don talaka ya samu inda zai kai kukansa. Sai dai tasha tana shan dizal, tana biyan ma'aikata, kuma babban mai sayen fili shi ne ɗan siyasa. Nan sojojin baka suka samu gindin zama. Mai sauraro kuma ba kullum yake rarrabe filin da aka saya da labaran da edita ya tace ba, duk a kunnensa rediyo ce ta faɗa. Na kuma ga ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota. Na ga wakilin da ya yi wata huɗu ba albashi ya karɓa, na kuma ga yadda labarinsa ya fito washegari ba ƙashi a jikinsa. Wannan abin kunya ne a sana'armu, ba zan kare shi ba.

Amma Alhaji, inda ka koma ya fi ba ni tsoro. Ana gudun gara ne a faɗa gidan zago. Ka tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola? Wajen ƙarfe huɗu na asuba yayata ta kira ni, muryarta na rawa, ta ce in tashi iyalina mu yi wanka da ruwan gishiri mu kuma sha kafin rana ta fito. Na ce wa ya faɗa? Ta ce an turo. Ita mai hawan jini ce, kuma ta riga ta sha kofi guda. Allah Ya kiyaye ta, amma a ƙasar nan an rasa rayuka a dalilin wannan saƙo, wasu da dama suka kwanta asibiti. Ba maƙiyi ne ya tura mata ba, 'yar'uwa ce mai ƙaunarta. Da gari ya waye, gidajen rediyon nan da muke zagi su suka kawo likitoci suna roƙon jama'a su bari.

Gidan rediyo yana da ƙofa da suna. In ya yi maka ƙarya kana iya zuwa ka tsaya a gabansu, kana iya kai ƙara hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ko kotu. Saƙon murya kuwa ba shi da uba. Kai da ba ka karɓar turmin atamfa sai ka duba bakinta, ka murza ta a yatsa ka san 'yar Holan ce ko kwaikwayo, don me labari zai shiga gidanka ba a murza shi ba? A Suratul Hujurat, aya ta 6, an umarce mu da bincike in an zo mana da labari, kuma malaman hadisi sun ƙare rayuwarsu a kan wa ya ji daga wa. Ka kunna rediyonka. Ka saurari tasha biyu da ka san ba sa shan inuwa ɗaya, ka ƙara da ɗaya ta waje. In ka ji an ce wane ne ya ɗauki nauyin shiri, ka san talla kake ji. In bidiyo ya zo, ka tambayi a ina aka ɗauka, kuma yaushe, kafin yatsanka ya tura wa wani.

TAMBAYA

Baba, ina aji biyu a jami'a, ina karanta aikin jarida. Mahaifina ya ce sana'ar maƙaryata ce, in sauya fanni. Ni kuma ina son ta.

Wata ɗaliba, daga Gwale

AMSA

'Yata, kada ki yi musu da shi, ya ga abin da ya gani. Ki nemi alfarmar hutu ɗaya. Ki zaɓi abu guda a unguwarku, ko rijiyar burtsatsen da ta lalace, ko ajin da rufinsa ya yaye. Ki ji ta bakin mai unguwa, da matan da abin ya shafa, da jami'in ƙaramar hukuma, ki rubuta sunan kowa da ranar da kuka yi magana. In kin gama, mahaifinki ya zama mutum na farko da zai karanta, ki ce ya je ya tambayi duk wanda ya ga dama a cikinsu ko kin ƙara masa gishiri. Ki rubuto min abin da ya ce.