Amsa ga ƙanwarmu mai son koyar da kemistiri a jami'a

Salamu alaikum 'yan gurup. Ƙanwata, tun jiya na ji muryarki, aiki ne ya riƙe ni a labo. Kin ce kina gama lisans a Marwa, kina son fannin tantance sinadarai har ki zama malama, amma an ce miki tunda ba mu da manyan injina, wahalar banza ce. To, saurara.

Hanyar kin san ta: lisans shekara 3, masta 2, doktora 3 a takarda, amma ki sa huɗu ko biyar a ranki. Sai asistan, ki yi ta hawa har farfesa, kowane mataki binciken da kika wallafa ake dubawa.

Shi injin, wanda muke ce wa spektro, awo ne aikinsa. Ya ɗora wa ƙwayoyin sinadari caji, ya tura su inda aka zuƙe iska, ya ware su gwargwadon nauyi da caji. Ɗauki gyaɗar da ta yi fumfuna a rumbu. Gubarta, aflatoksin B1, a LC-MS, wato spektro haɗe da na'urar da ke fara rarrabe sinadaran cikin ruwa, kan lamba 313 ta ma'aunin nauyi da caji take fitowa. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in B1 ta wuce maikirogiram 2 a kilo (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram). Biyu fa! Ido bai gani, harshe bai ji.

Sai dai injin ba boka ba ne. Yadda kika ɗebo samfurin, kika niƙa, kika tace, kika auna da pipet, ɗan bututun awon ruwa, can aikin yake. Ni lokacin doktora, wuta ta ɗauke mana tsakiyar awo, famfon zuƙe iska ya tsaya, sai washegari injin ya daidaita. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma kan tebur na yi ta maimaita tacewa har hannuna ya faɗa. Wallahi da na je sitaj waje, kwana kaɗan aka koya mini danna injin, tsabtar samfurina ce ta sa suka riƙa nemana.

Saboda haka ki nemi masta a Gaundare, ki leƙa ENSAI, makarantar kimiyyar sarrafa amfanin gona ta jami'ar can, in abinci ne ya fi jan ki. Ki zaɓi matsalar gida: gyaɗa, masara, madara, ko ragowar maganin ƙwarin auduga a ruwan Binuwai. Mai injin a Jamus ba shi da samfurin nan, ke kike da shi, da shi za ki ƙulla haɗin gwiwa. Ki bibiyi tallafin karatu na DAAD ta Jamus, da AUF ta jami'o'in masu Faransanci, da OWSD tunda ita ƙungiya ce ta mata masu kimiyya a ƙasashe masu tasowa. Ingilishi kuma dole, Faransanci kaɗai bai kai ki.

Batun shekaru da kika kawo, John Fenn, masanin kemistiri ɗan Amurka, yana da 85 ya karɓi Nobel a 2002 kan wannan fanni, ke ko talatin ba ki kai ba.

Turo min sakamakonki na shekara ukun ta firaibet, in ga yadda kika yi a lissafi tukuna.