An ga H. pylori a jinin ɗana: ita ce ke sa shi ciwon ciki?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ɗana mai shekara 8 ya yi watanni yana kukan ciwon ciki, yawanci da safe kafin ya tafi makaranta, kuma cibiyarsa yake nunawa. Mun yi gwajin jini aka ce yana da H. pylori, mai kemis ya ce olsa ce, a sa shi kan magani. In saya? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya. Ki dakata da sayen maganin tukuna.

H. pylori ƙwayar cuta ce da ke zama a bangon tumbi. Likitoci biyu na ƙasar Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982 tare da nuna cewa tana haddasa gyambon ciki, abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin ruwan tsamin tumbi, shi ya sa take rayuwa a inda sauran ƙwayoyin cuta ke mutuwa. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, kuma galibi tun suna yara suka kamu, a cikin gida, ta yawu, amai, ko ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Shi ya sa ba na son al'adar tauna abinci a ba jariri.

Akasarin yaran da ke da ita lafiyarsu ƙalau. Gyambon ciki bai cika kama yara ba, kuma bincike bai nuna cewa ƙwayar kaɗai, ba tare da gyambo ba, tana kawo ciwon cikin da ke zuwa yana tafiya ba. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin cikin yara na Turai da Arewacin Amurka suka ba da shawarar kada a riƙa gwada irin waɗannan yara ana ɗora su kan magani kai tsaye. Gwajin jinin ma ba abin dogaro ba ne ga yara: alamar cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar kawai yake nunawa, kuma yakan ci gaba da nuna haka ko bayan ta tafi.

Wurin da yaro ya ɗora hannu yana gaya mana abu da yawa. Ciwon gyambo a ƙahon zuci yake, sama da cibiya, yana zafi kamar ƙuna, yana iya tayar da yaro cikin dare. Wanda kika kwatanta, na cibiya da safiyar ranar makaranta, zan fara neman dalilinsa a wani wuri: taurin bayan gida, tsutsar ciki, ciwon mafitsara, sikila, ko damuwa. Ki tambaye shi a hankali ko akwai mai dukansa ko tsokanarsa a aji. Ciwon da damuwa ke kawowa ciwo ne na gaske, kada a ce masa ƙarya yake.

Amma ki kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba idan kika ga aman jini, baƙin kashi kamar kwalta, rama, yawan amai, ko ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani. A nan ne likita zai iya neman a leƙa tumbin da kyamara ta baki, a ɗebo ɗan nama a gwada. Idan gyambo ya tabbata tare da ƙwayar, maganin na kwana 14 ne: mai rage tsamin ciki irin su omeprazole, da antibayotik guda biyu, gwargwadon nauyin yaro. Bayan aƙalla mako 4 da gamawa sai a gwada bayan gida ko numfashi don a tabbatar ta mutu.

Abin da ke damuna da haɗin kemis shi ne, ana ba da shi babu awo, a sha kwana kaɗan a ajiye. Ƙwayar sai ta saba da maganin, kamar yadda ta riga ta yi wa Flagyl a wurare da yawa na Afirka, ranar da yaron zai buƙace shi da gaske kuma ya ƙi aiki. Kafin ki ga likitan yara, kada ki ba shi ibuprofen ko diclofenac don ciwon, suna cin bangon tumbi. Ki rubuta lokutan da ciwon ke tashi, abin da ya ci, da yadda bayan gidansa yake na tsawon mako 2, ki tafi da takardar.