Kar ka cusa kwan LED cikin tsohuwar fitila, ni na sha

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina karanta tambayarka kan jirgin ruwanka mai filafili na mita 10 da fitilunsa suka dushe, wai kwan kawai za ka canza zuwa LED ko ka cire duka, gabana ya faɗi, don abin da ya kusa kai ni lahira ke nan.

Nawa mita 9 ne, tsoho tun shekarun 1980, a Obhur da ke arewacin Jidda nake ɗaure shi. Batir ne ya ishe ni, kwai mai wat 25 a bolt 12 yana jan amfiya 2, kafin asuba batir ya kwanta. Sai wani mai gyaran wuta, ɗan gida ne ma, sahu ɗaya muke sallah, ya ce Alhaji bar min. Ashe farin kwan LED na mota ya sayo ya tura bayan tsohon gilashin da rana ta riga ta cinye, ya karɓi riyal masu kauri har da na shayi, yana rantsuwa wai na jirgi ne na asali.

Muna dawowa bayan isha'i ni da ɗan yayata, iska ta lafa, sai ga wani ƙaton jirgin kaya ya fito daga wajen tashar Jidda yana nufo mu kamar unguwa guda ta taso, na ɗauki rediyo zan kira a tasha 16 ta kiran gaggawa ba abin da nake ji sai shuuu, yaron nan ya riƙe rigata yana salati, ni kuma ina haska filafili da tocila hannuna na rawa ina tunanin me zan ce wa uwarsa. Allah ne ya tsare. Igiyar ruwan jirgin kayan ta watsar da duk kayanmu, har yau in na ji ƙahon jirgi cikina juyawa yake. Washegari da dare na tsaya bakin gaɓa na duba fitilun jirgina, koren ya koma shuɗi-shuɗi, jan kuwa kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Na kashe fitilun sai rediyo ta washe, ashe kwan banzan ne ke toshe ta. Da na tare mai gyaran da maganar wai ƙaddara ce. Ƙaddara! Na yafe kuɗin, rantsuwar ce ta tsaya min a rai.

Ka cire duka gidan fitilar ka sa sabo rufaffe, ka duba a jikinsa an rubuta mil nawa yake kaiwa, in ka ga IP67 to ruwa ba ya shiga. Dokar teku ta 1972 ta ce jirgi ƙasa da mita 12 fitilun gefe su kai mil 1, farar baya mil 2, ni dai masu mil 2 na sa duka, na kamfanin Hella Marine, na Aqua Signal ma ba laifi. Kore a dama ja a hagu, kowace digiri 112.5, ta baya 135, in aka ɗaura a karkace kuɗinka ya tafi a banza.

Kuma waya! Gishirin Bahar Maliya ba ya wasa, tsohuwar wayata da na fere baƙa ƙirin take ciki, sai ka nemi wadda aka shafe da kuza. Fitila mai launi uku ta saman sandar filafili tana da kyau tunda ba ka kai mita 20 ba, amma da ka tada inji kashe ta, don ka zama jirgin inji, sai na gefe da ta baya da farar gaba mai digiri 225. Tocila biyu kullum a jaka, kuma don Allah kar ka fita da ɗan mutane da dare kafin ka gwada. Turo hoton inda wayar ta shiga sandar in gani, nawa a nan ruwa ke bi.