Ga ƙanina mai son kujerar alƙalin tarayya a Amurka

Ƙanina na ga saƙonka da hoton Zahid Quraishi da ka turo, wai tunda Musulmi ya zama alƙalin kotun tarayya a nan, kai ma da ka gama karatun lauya a Kano in nemo maka hanya ka taho. Ba kai kaɗai kake turo min wannan hoton ba, kuma dukkanku rigar kuke kallo, babu mai tambayar shekarun da mutumin ya kwashe kafin ya sa ta.

A New York aka haife shi a 1975, iyayensa 'yan Pakistan ne, wato ɗan ƙasa ne tun ranar suna, bai taɓa bin layin biza ba. Ya gama karatun lauya a jami'ar Rutgers a 2000, ya shiga soja a matsayin lauya aka tura shi Iraƙi a 2004 da 2006, ya dawo ya yi aikin gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a New Jersey, ya koma kamfanin lauyoyi, a 2019 aka ba shi majistare na tarayya, sai a 2021 Biden ya miƙa sunansa majalisar dattawa ta amince da ƙuri'a 81 da 16. Shekara 21 kenan daga digiri zuwa kujera, kuma kafin shi ba a taɓa yin Musulmi a kanta ba.

Kujerar nan ba jarrabawa ake zaunawa a ci ba. Sanatocin jiharka su san da kai, shugaban ƙasa ya zaɓe ka, majalisa ta tankaɗe ka ta rairaye, kuma in ka hau sai mutuwa ko murabus ko tsigewa. Nusrat Choudhury, ita ma Musulma, da ƙuri'a 50 da 49 ta tsallake a 2023. Adeel Mangi kuwa, wani lauya Musulmi da aka so kai shi kotun ɗaukaka ƙara, a gaban duniya aka riƙa yi masa tambayoyi kan Hamas kamar shi ya aike su, har 2024 ta ƙare ba a kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba. Ranar da na kalli zaman nan raina ya ɓaci ƙwarai, mutum da iliminsa da komai.

To mu dawo kanka. Digirinka na gida shi kaɗai ba zai shigar da kai kotu ba. Sai ka ci jarrabawar lauyoyin New York, in kuma suka ga giɓi a takardunka sai ka fara yin LLM, wato digiri na biyu a fannin shari'a, na shekara ɗaya, New Jersey ma ba ta karɓar wannan sai ka yi JD, wato digirin lauya na Amurka, na shekara uku, kuɗin kuwa kada ka soma faɗa wa Baba yanzu, hawan jininsa. Bayan karatu shekara ɗaya tal suke ba ka ta aiki, in ba ka samu wanda zai tsaya maka a kan biza ba sai haɗa jaka.

Ni da na ci jarrabawar nan, wani kamfani ya ajiye ni a ɗakin ƙasa ina tace takardu ana biyana da awa, yaran da na girme su suna sama suna ganin masu ƙara, wani babba a cikinsu har ya tambaye ni ko a Najeriya da Turanci muke shari'a. Na haɗiye. Yau alhamdulillahi da sunana nake tsayawa a kotun tarayya ta Brooklyn, babu wanda ya ba ni kyauta, gumina ne.

Ban ce kada ka zo ba, amma ka fara yin aiki a gida ko na shekara biyu ne, ka san yadda ake tsayuwa gaban alƙali. Turo min sakamakonka na jami'a da na makarantar horar da lauyoyi in duba makarantun da ke rage kuɗi, kuma don Allah kada ka sayar da filin Umma kafin mu yi magana ta waya.